Modem a gabanka, manhaja a can nesa: tambayoyi da amsoshi kan buga kira daga cikin Remote Desktop

Wannan shafi na mutumin da modem ɗinsa na layin tarho ke jone da kwamfutar da ke kan teburinsa ne, amma manhajar da za ta buga kiran tana kan wata kwamfuta ko uwar garke da yake shiga ta Remote Desktop, wato tsarin Windows na sarrafa wata kwamfuta daga nesa. Don gudun ruɗani, wadda kake zaune a gabanta za mu riƙa ce mata kwamfutar gida, wadda kake leƙawa kuma kwamfutar nesa. An bar sunayen maɓallai da umarni yadda suke fitowa a allon Windows domin ka same su ba wahala.

Shin abin yana yiwuwa ma kuwa?

Yana yiwuwa, amma ba ga kowace manhaja ba. Remote Desktop ba ya ɗaukar modem ya kai wa kwamfutar nesa. Abin da yake iya kaiwa shi ne ƙofar COM da modem ɗin ke jone da ita, wato hanyar da haruffa ke shiga su fita. Manhajar da ta saba buɗe COM1 ko COM3 da kanta ta yi wa modem magana kai tsaye, za ta yi aiki. Wadda kuma ke jiran Windows ya miƙo mata modem daga cikin jerin waɗanda aka girka, galibi ba za ta ga komai ba. Kusan duk sauran tambayoyin da ke ƙasa daga wannan bambanci suka samo asali.

Wa ke da buƙatar modem na layin tarho a wannan zamani?

Sun fi yadda ake zato yawa. Akwai masu karanta mitoci da na'urorin awo daga nesa, da masu saita akwatunan raba layukan tarho na ofisoshi, da masu kula da na'urorin ƙararrawar tsaro, da injiniyoyin sadarwa da ke ajiye modem a jikin na'urar raba intanet domin ranar da babbar hanya ta mutu. Sai kuma masu aika faks. Na'urorin da ke can ƙarshen layin tsofaffi ne amma lafiyarsu ƙalau, babu mai niyyar kashe kuɗi ya canza su. Matsalar takan taso ne ranar da aka kwashe manhajojin ofis aka mayar kan uwar garke, ko kan kwamfutar gajimare wadda ko ramin soka wayar tarho ba ta da shi.

Yaya ake kunna tura ƙofar COM?

Kafin komai, ka jona modem, ka kunna shi, ka tabbatar yana aiki a kwamfutar gida. Ka duba lambar ƙofarsa a Device Manager, ƙarƙashin Modems ko Ports. Daga nan ka buɗe Remote Desktop Connection, wato mstsc, ka danna Show Options, ka shiga Local Resources, ka danna More, ka sa alama a Ports. Sannan ka shiga kwamfutar nesa. Idan da ma kana ciki, ka fita gaba ɗaya ka sake shiga, domin lokacin ƙulla zama ne ake sanar da ƙofofin. Wanda ke amfani da fayil mai ƙarewa da .rdp zai iya buɗe shi da Notepad ya tabbatar akwai layin redirectcomports:i:1.

Ɓangaren nesa ma sai ya yarda. Akwai doka a Group Policy, wato wurin da mai kula da kwamfuta ke kafa mata dokoki, mai suna Do not allow COM port redirection, tana ƙarƙashin Remote Desktop Session Host, cikin Device and Resource Redirection. Muddin an kunna ta, duk alamar da ka sa a gida aikin banza ne. Wannan dama ta tura ƙofar COM ta zo ne tun zamanin Windows XP a 2001 da Windows Server 2003, don haka ba sabon abu ba ne da zai buƙaci sabuwar na'ura.

Na sa alama, amma ban ga ƙofar a Device Manager na kwamfutar nesa ba. Ta ƙi ke nan?

A'a, ba za ka taɓa ganinta a can ba, ko da komai ya tafi daidai. Mutane da yawa a nan suke ɓata rabin yini. Device Manager yana nuna kayan da ke jikin kwamfutar ne, ita kuwa ƙofar da aka turo suna ne kawai da aka rataya a cikin zamanka kai kaɗai. Inda ake dubawa shi ne Command Prompt a cikin zaman, ka rubuta change port /query. Idan ka ga layi da ke ɗauke da RdpDrPort da tsclient tare da lambar ƙofarka, to ta iso.

Ta yaya zan gwada ko modem na jin maganata?

Ka buɗe manhajar tasha, wato wadda ake rubuta wa modem umarni kai tsaye da ita, irin su PuTTY ko Tera Term a kwamfutar nesa. HyperTerminal da aka saba da shi an cire shi daga Windows tun fitowar Vista. Ka zaɓi ƙofar, ka sa gudu 115200 ko 9600, bit 8, babu parity, bit ɗin tsayawa 1. Ka rubuta AT ka danna Enter. Idan ya amsa da OK, hanya ta buɗe tun daga uwar garke har zuwa teburinka. ATI zai sa ya faɗi bayanin kansa, ATDT haɗe da lamba zai buga kira, ATH kuma ya ajiye. Waɗannan umarnai sun samo asali ne daga Smartmodem na kamfanin Hayes da ya fito a 1981, kuma har yau kusan kowane modem na layin tarho yana jin su.

Wannan gwaji ya fi duk wani dogon bincike amfani. In ka samu OK, daina zargin Remote Desktop, laifin na manhajarka ne ko na layin. In ba ka samu ba, kada ka taɓa saitin manhajar tukuna.

AT na amsawa, amma Dial-up na Windows ya ce babu modem. Me ya sa?

Saboda ba kai ne ke buga kiran ba idan ka danna Connect a Dial-up, wato haɗin sadarwa ta kiran tarho. Kana dai aika buƙata ne ga wasu hidimomin Windows da ke aiki a bayan fage: Remote Access Connection Manager da Telephony, wanda masu shirya manhaja suka fi sani da TAPI. Waɗannan hidimomi suna gudana ne a wani zama dabam na tsarin kansa, wanda tun daga Vista da Server 2008 aka raba shi da zaman kowane mai amfani. Ƙofar da ka turo kuwa a cikin zamanka kawai take da suna. Kamar mabuɗin ɗakin haya ne da ke aljihunka: mai gadin da ke bakin ƙofar gida bai da shi, ko da kuwa gida ɗaya kuke.

Don haka idan hidimar ta nemi COM3, tana duba jerin ƙofofin kwamfutar nesa ne, ba ta ga komai ba, ko kuma ta tarar da wata COM3 ta uwar garken da babu abin da ke jikinta. Shi ma mai girka sabon modem a Phone and Modem daga wannan jeri yake ɗaukar ƙofofi, shi ya sa ba ya ba ka taka ka zaɓa.

Akwai dalili mai kyau da ya sa aka gina shi haka. A uwar garke ɗaya za a iya samun mutum talatin a ciki lokaci guda, kowa da COM1 ɗinsa da ya turo daga teburinsa. Da sunayen a fili suke ga kowa, da manhajar wani ta buga kira da layin wani. Ƙari a kan haka, haɗin Dial-up ba na mutum ɗaya ba ne. Da zarar ya ƙullu, ya zama sabuwar hanyar sadarwa ga kwamfutar baki ɗaya, tana shafar duk wanda ke kanta. A ganina ko da wata dabara ta sa ka cim ma haka a uwar garken da jama'a ke amfani da ita, ba abin so ba ne.

To yaya zan gane irin manhajar da nake da ita?

Duba shafin saitinta. Idan tana tambayar lambar ƙofa, da gudu, da layin umarnin da za a fara aika wa modem, kai tsaye take magana, kuma akwai kyakkyawan zaton za ta yi aiki. Idan kuwa jerin sunayen modem take nuna maka ka zaɓa, ko tana cewa ka fara ƙirƙiro haɗin Dial-up, ta hannun Windows take bi. Wasu na da duka biyun, sai ka zaɓi na kai tsaye. Haka nan idan manhajar tana da wani ɓangare da ke gudana a matsayin hidima, shi ma ba zai ga ƙofar ba, ko da fuskar manhajar a zamanka take.

Modem ɗina na USB ne. Akwai bambanci?

Yawancinsu idan aka girka direbansu, wato manhajar da ke sa Windows ya gane su, a kwamfutar gida suna samun lambar COM, sai a tura su kamar kowace ƙofa, da iyakokin da aka ambata. Akwai kuma hanya ta biyu, wato tura na'urar USB ɗin ɗungurungum ta RemoteFX, wanda ya fara fitowa tare da Windows 7 SP1 da Server 2008 R2 SP1 a 2011. A nan kwamfutar nesa tana ganin modem kamar an soka shi a jikinta, ya fito a Device Manager, a girka masa direba a can. Ana buƙatar kunna dokar Allow RDP redirection of other supported RemoteFX USB devices from this computer a kwamfutar gida, a sake kunna kwamfutar, kuma ɓangaren nesa ya zama bai hana tura na'urori ba. Wannan hanya ta fi dacewa da kwamfutar nesa ta mutum ɗaya. Ka sani kuma, muddin na'urar tana can, kwamfutar gida ba za ta iya amfani da ita ba.

Modem na cikin kwamfuta fa, irin wanda ake ce wa winmodem?

Irin waɗannan ba cikakkun modem ba ne, direba ne ke yin mafi yawan aikin sarrafa sauti a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙofar COM da suke nunawa ta kwaikwayo ce, wani lokaci ta tafi ta Remote Desktop, wani lokaci ta ƙi ko da fitowa. Idan aikin na da muhimmanci, nemi modem na waje mai cikakken kayan aiki a cikinsa, mai wayar RS-232, wato wayar da ake sokawa a ƙofar COM. Fitilun da ke gabansa kaɗai sun isa dalili: kana ganin lokacin da ya ɗaga layi, da lokacin da bayanai ke shiga da fita.

Idan manhajata ta hannun Windows take bi, mene ne mafita?

Mafita uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Ta farko, wadda ta fi sauƙi kuma aka fi raina ta: a girka manhajar a kwamfutar gida, a buga kiran a inda modem yake, sannan a miƙa sakamakon ga kwamfutar nesa ta hanyar tura faifai, inda faifan gida ke bayyana da sunan \\tsclient\c. Idan lasisin manhajar bai hana ba, da wuya wata dabara ta fi wannan kwanciyar hankali.

Ta biyu ita ce a fitar da Remote Desktop daga maganar gaba ɗaya, a ɗora ƙofar a kan hanyar sadarwa. Akwai ƙananan akwatuna na kamfanoni irin su Moxa da Digi da Lantronix masu ramin RS-232 a gefe ɗaya da na intanet a ɗaya gefen. Ana girka direbansu a uwar garke, ya ƙirƙiro ƙofar COM da dukkan tsarin ke gani, har da hidimomin bayan fage. Daga nan sai a girka modem a kanta kamar yadda aka saba. Akwai ƙa'idar yin haka da aka wallafa tun 1997, RFC 2217, wadda ke ɗaukar har da canjin gudu da siginonin kula da layi. Manhajoji na kyauta irin su ser2net a Linux, da com0com tare da hub4com a Windows, suna iya yin irin wannan aiki ba tare da akwati ba, sai dai saitinsu na son haƙuri. Sharaɗi guda: dole uwar garke ta iya kaiwa ga inda modem yake, wanda galibi ke nufin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a kan intanet. Kada a bar irin wannan ƙofa a buɗe ga intanet, domin duk wanda ya same ta ya samu layin tarhonka.

Ta uku, idan uwar garken a ginin da ke da layin tarho take, a kai modem can a huta.

Na buga Dial-up a kwamfutar gida, nan take Remote Desktop ya yanke. Me ya haɗa su?

Hanyar fita ce ta canza. Sabon haɗin Dial-up yakan zo da alama a kan Use default gateway on remote network, abin da ke sa Windows ya juya duk zirga-zirgar da ba ta cikin gida ba zuwa layin tarho, har da ta zamanka. Ka shiga Properties na haɗin, Networking, TCP/IPv4, Advanced, ka cire alamar. Idan bayan haka ka kasa kaiwa ga wata na'ura a can ƙarshen kiran, ka ƙara mata hanya da umarnin route add. Wannan tarkon yana nan ko a kwamfutar nesa aka buga kiran, kuma a can ya fi ciwo, domin ka rufe wa kanka ƙofa ke nan sai kiran ya yanke ko wani ya je wurin.

Kira na haɗuwa, amma bayanai na tafiyar hawainiya ko suna lalacewa.

Ba faɗin hanya ne matsalar ba. Modem biyu a kan layukan tarho na yau da kullum ba sa wuce bit 33,600 a daƙiƙa, ƙa'idar V.34 ke nan. Gudun 56k na V.90 da aka amince da shi a 1998 yana samuwa ne kawai idan ɗaya ɓangaren na da haɗin dijital, kuma a saukowa kaɗai. Wannan ɗan abu ne ga kowace intanet ta yau. Abin da ke kashe aiki shi ne jinkiri, domin kowace tambaya da amsa sai ta yi tafiya daga uwar garke zuwa teburinka kafin ta hau layi, ta kuma dawo ta nan.

Ɗauki XMODEM, tsarin aika fayil ta modem wanda Ward Christensen ya rubuta a 1977. Yana aika bayit 128 ne ya tsaya jiran amsa. A cikakken gudu, aika wannan bai kai kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa ba. Idan zuwa da dawowa tsakaninka da uwar garke na cin kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, lokacin jira ya ninka na aiki fiye da sau biyu. ZMODEM, wanda ke kwarara ba tare da jiran amsar kowane ƙunshi ba, ya fi jure wannan nesa. Manhajojin masana'antu da aka rubuta da zaton modem na nan kusa sukan gaji da jira su ce na'ura ba ta amsa ba. In akwai wurin ƙara wa'adin jira a saitinsu, ninka shi.

Lalacewar bayanai kuma, musamman a manyan fayiloli, galibi daga rashin daidaita kwarara ne. Ka sa RTS/CTS, wato saitin daidaita kwarara, a manhajar da kuma modem. A modem da yawa umarnin AT&K3 ne, wasu irin na USRobotics nasu dabam ne, sai a duba littafinsu. Rage gudun ƙofar zuwa 19200 ko 9600 shi ma yakan kwantar da rikici.

Faks fa?

Windows Fax and Scan ta hidimar bayan fage yake bi, don haka ba ya ganin ƙofar da aka turo. Ko da manhajar da ke magana kai tsaye ce, faks na da tsauraran wa'adodi a ƙa'idarsa ta T.30. A tsarin Class 1 kwamfuta ce ke riƙe da wannan lissafin lokaci, jinkiri kaɗan ya isa ya sa shafi ya tsinke a tsakiya. A Class 2 da 2.0 modem ne ke ɗaukar nauyin, shi ya sa suka fi jurewa. Shawarata dai a sauko da takardar gida a aika daga nan.

Layin ofishinmu ya koma na intanet. Modem zai yi aiki a kansa?

Ba tabbas. Tsarin matse murya irin G.729 an gina shi ne don maganar ɗan Adam, yana dagula sautin modem. G.711 ba ya matsewa haka, kira kan iya haɗuwa idan layin ba ya zubar da bayanai, musamman a ƙaramin gudu kamar 9600. T.38 na faks ne kaɗai, ba ya taimakon kiran bayanai. Ka gwada daga kwamfutar gida tukuna. Abin da ya ƙi a can, Remote Desktop ba zai gyara shi ba.

Ana ce min Access denied, ko manhajar ba ta karɓar lambar ƙofata.

Ƙofar COM manhaja ɗaya take yi wa aiki a lokaci guda. Duba ko wani abu a kwamfutar gida ya riƙe ta, kamar faks da ke jiran kira mai shigowa, ko tasha da ka manta a buɗe. Game da lamba kuwa, tsofaffin manhajoji da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani, wasu kuma suna tuntuɓe daga COM10 zuwa sama. Za ka iya canza lambar a Device Manager na gida, ko a cikin zaman ka rubuta change port COM2=COM12, sai manhajar ta buɗe COM2 ta tarar da modem. Wannan canji yana ɓacewa idan ka fita, don haka a sa shi cikin fayil ɗin da ke gudana lokacin shiga.

Kwamfutar gida Linux ce ko Mac.

A Linux, FreeRDP na da zaɓin /serial, rdesktop kuma -r comport:COM1=/dev/ttyS0. Modem na USB yakan fito da sunan ttyACM0 ko ttyUSB0, kuma sai asusunka na cikin rukunin da ke da izinin ƙofofin, wanda a Debian da Ubuntu sunansa dialout. Manhajar Microsoft ta Mac ba ta tura ƙofar COM, sai a koma ga akwati ko manhajar ɗora ƙofa a kan hanyar sadarwa.

Idan zaman ya yanke ana tsakiyar kira, me ke faruwa da layin?

Ƙofar tana ɓacewa daga hannun manhajar, amma modem na iya ci gaba da riƙe layi, kuɗin kira na tafiya. Ka sa AT&D2 cikin umarnin farko, domin ya ajiye da kansa idan siginar DTR, wadda ke nuna masa kwamfuta na nan a shirye, ta faɗi. In ya maƙale, buɗe tasha a gida, ka ɗan dakata, ka rubuta +++ ba tare da Enter ba, ka jira daƙiƙa guda ya ce OK, sannan ATH. Bayan ka koma cikin zaman, rufe manhajar ka sake buɗe ta, domin yawancinsu ba sa gane cewa ƙofar ta tafi ta dawo.

Ni kuma so nake na shiga Remote Desktop ta kan Dial-up ɗin kansa.

Wannan wata magana ce dabam, kuma ta fi sauƙi. Buga kiran a gida, sannan a shafin Experience na mstsc ka zaɓi saitin Modem mai 56 kbps, wanda ke kashe hoton bango da ƙyale-ƙyalen tagogi. Ka bar alama a Persistent bitmap caching, ka rage launi zuwa bit 15 ko 16, ka ƙanƙanta allon, ka kashe sauti da tura firinta. Rubutu da cike fom za su tafi, bidiyo kuwa a manta da shi. Modem ɗin da ke ɗauke da zaman ba zai kuma buga wani kira ba, sai da layi na biyu da modem na biyu.

Mai kula da uwar garkenmu ya ƙi buɗe tura ƙofar COM. Taurin kai ne?

Yana da hujja. Modem hanya ce da ke fita daga gini ba tare da ta bi ta katangar tsaron kamfani ba, babu mai ganin abin da ya wuce ta cikinta. Idan za ka nemi izini, je masa da bayani a hannu: sunan manhajar, lambar da ake kira, sau nawa, da irin bayanan da ke tafiya. Dokar da ke Group Policy ta kwamfuta ce gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba, shi ya sa buɗe maka na nufin buɗe wa kowa a wannan uwar garken. Sau da yawa zai fi yarda ya ware maka kwamfutar nesa taka kai kaɗai, ko ya sa akwatin ƙofa a wurin da shi ke da iko da shi, ya kuma tabbatar an sa ATS0=0 domin modem ɗin kada ya ɗauki kira mai shigowa.